Gamba a Kan Iyaka

Shekara hamsin da uku muka yi tare da mahaifina a duniya, ban taɓa jin sunana ya fito daga bakinsa ba. Ni ne ɗan farinsa, kuma a ƙasarmu ta Karaye, a zamanin da aka haife ni, mutumin kirki ba ya kama sunan ɗan fari. Idan yana nemana sai ya ce da wani ƙanena, "Kira mini yayanku." Idan mu biyu ne kawai a wuri, sai ya yi gyaran murya, in ce, "Na'am, Baba." Ƙannena bakwai duk ya kira su da sunayensu, ya ɗora su a cinya, ya goya su a kekensa zuwa kasuwa. Ni kuwa tsakanina da shi gaisuwar safe ce da ta dare, ina durƙushe, shi yana kallon wani wuri. Inna ma haka take, don a ɗakin kakata na tashi. Na san al'ada ce, kowa ya sani. Amma sanin dalilin abu ba ya hana yaro jin zafinsa.

Ya rasu a daminar 2022. Tun daga lokacin nake son in rubuta wani abu a kansa, sai in ga duk abin da na fara ya koma irin yabon da ake yi wa kowane mamaci a zaman makoki: mai haƙuri ne, mai zumunci ne, ba ruwansa da abin hannun mutane. Duka gaskiya ne, amma ba su isa su nuna shi ba. Idan ina son in faɗi ko shi wane ne, dole in faɗi abin da ya shiga tsakaninmu, kuma a cikin wannan labari ni ne mai laifi.

Ba shi da takardar haihuwa. Abin da yakan ce shi ne, an haife shi lokacin da ake ɗibar samari ana kai su yaƙin Bama, wato wajejen 1943. Ƙauyenmu yana gefen kogin Challawa, yamma da birnin Kano. Yau ba ni da ikon nuna wa kowa shi, sai dai in nuna ruwan da ya kwanta a kansa. A nan Baba ya yi karatun allo, ya taɓa Ahalari da Ishmawi a zauren limamin gari, sannan ya shiga gandun mahaifinsa: dawa da gero a jigawa, gyaɗa da auduga don kuɗin haraji, ɗan rake da albasa a fadama. Bai taɓa riƙe sarauta ba, ko ta mai unguwa. Amma akwai abu guda da duk yankin suka sallama masa, shi ne sanin iyakar gonaki.

Wanda bai tashi a karkara ba zai ɗauka wannan ƙaramin ilimi ne. A wurinmu babu taswira, babu takardar mallaka. Iyakar gona ita ce layin gamba, ko bini-da-zugu, ko wani suri, ko kututturen gawon da aka sare tun kafin a haifi masu gardamar. Gamba kuwa tana matsawa idan mai garma ya so ta matsa: bana a ci kunya ɗaya, baɗi a ci wata, kafin shekara goma an haɗiye abin da zai ba da dami biyar. Saboda haka da zarar ruwan shuka ya sauka, sai rigingimu su tsiro tare da ciyawa. Dagaci yakan aiko a kira Baba. Ya ɗauki sandarsa ya shiga gaba, masu rigima da dattawa suna biye, ba ya cewa uffan sai ya isa inda zai tsaya. Can sai ya kafa sandar ya ce, "Nan ne." Daga nan ya jero tarihin wurin: wannan gado ce, waccan saye ce, an yi cinikinta shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, ta gefen rafi jingina ce, ba a fanshe ta ba har yau, ta bayanta aro ce. Ba ya karɓar ko goro daga hannun masu rigima, kafin a je ko bayan an dawo. Ya ji a wurin malamansa irin abin da ke jiran wanda ya ci ko taƙi ɗaya na ƙasar wani, kuma ban ga wanda ya ɗauki maganar da gaske kamarsa ba.

Iyakokin hukuma ba su cika damunsa ba. An haife shi zamanin Turawa, ƙarƙashin En'e ta Kano. Ya ga an yanka Jihar Kano a 1967, ya ga an kawo tsarin ƙananan hukumomi a 1976, ya ga an cire Rogo daga Karaye, har ya ga Karaye ta zama masarauta mai sarkin yanka a 2019. Duk lokacin da aka yi irin wannan sai ya yi murmushi ya ce iyakar masu mulki da ƙafa take, ta gona ce ba ta tafiya.

A 1976, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa, yana cikin mutanen farko da suka ba da 'ya'yansu, alhali wasu suna ɓoye nasu a rumbu. Bai kai ni da kansa ba, Baffa ne ya riƙe hannuna. Lokacin kuwa gidanmu bai gama farfaɗowa daga farin 1973 ba, ga cutar da ta kashe gyaɗa a 1975 ta karya abin da ya rage. Da na samu shiga kwalejin horon malamai, duk ranar komawa Gwaggo, ƙanwarsa, ita ke kirana ɗakinta ta damƙa mini kuɗi a ƙulle cikin tsumma, ta ce, "Ungo, ka yi karatu." Ban taɓa tambayar daga ina suke fitowa ba. Sai da na girma na lura cewa duk zangon karatu akwai tunkiya ko akuyar da ke ɓacewa daga turken Baba.

Cikin gonakin da muke nomawa akwai wadda ake kira Gonar Alhaji, ko da yake babu wanda ya ga mai ita ya dawo da Alhajin. Maƙwabcin kakana ne. A shekarun 1950 ya ɗauki hanyar Makka a ƙasa, ta Barno da Chadi, ya bar wa kakana gonar amana har ya dawo. Kamar dubban Hausawan da suka bi wannan hanya, sai Sudan ta riƙe shi. Wasiƙarsa ta ƙarshe, da ajami, ta ce yana aiki a gonakin audugar Jazira yana tara kuɗin jirgin ruwa. Daga ita ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ya bar 'ya guda ƙarama a hannun dangin uwarta, wadda daga baya aka aurar da ita wajen Zarewa, a ƙasar Rogo. Da kakana ya rasu, amanar ta dawo hannun Baba.

Gona ce mai kyau, ta gangara daga layin gamba har bakin rafi, da ɗorawa goma sha ɗaya a cikinta. Wanda ya san ɗorawa ya san dukiya ce: a sha garinta, a yi daddawa da kalwarta, a yi daɓe da makubarta. Kowace bazara, idan an gama sauke ɗorawa, Baba yakan auna kalwar wannan gona daban, ya ɗaure a bayan keke, ya yi sammako zuwa Zarewa. Muna yara mun ɗauka zumunci ne kawai. Da na yi hankali na san ko mene ne. Ina faɗin haka ne don kada in fake da rashin sani a abin da zai biyo baya.

Tun bayan da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, ake raɗe-raɗin cewa za a tare Challawa ma. Maganar ta tabbata a 1990, aka kammala aikin a 1992: bango mai tsayin mita 42, tsawonsa ya kusa kilomita 8, ya tare ruwan da a da yake gangarawa Haɗeja ya nufi Tafkin Chadi. Aka ce duk ƙauyukan da ke cikin kwarin sai sun tashi, ma'aikata suka zo ƙidayar abin da za a biya diyyarsa. A nan ne talakawa da yawa suka fara jin cewa, a dokar 1978, ƙasa a hannun gwamna take, ba ita ake biya ba, sai abin da ke kanta: gini, da shuka, da itatuwa masu amfani. Ke nan kowace ɗorawa ta zama kuɗi.

Ina da shekara ashirin da ɗaya a lokacin, ina koyarwa a firamare, albashina ba ya kai ni tsakiyar wata tun da tsarin SAP ya karya darajar naira. Ina neman aure, an ba ni lokaci in kawo lefe. Ni ne mai alƙalamin unguwarmu, don haka ni na cike wa mutane da yawa takardunsu, har da ta gidanmu. Da na zo kan itatuwa, sai na haɗa ɗorawar Gonar Alhaji da tamu, na rubuta goma sha takwas, na sa hannu a madadin Baba. Hujjojina a shirye suke. Mai gona ya shekara fiye da talatin babu labari. Guminmu ne ya raya ta. Matar Zarewa ba ta ma san ana ƙidaya ba. Kuma nan gaba kaɗan ruwa zai shafe gambar da duk wata shaida. Ban gaya wa Baba ba.

Ranar tantancewa aka taru a ƙofar gidan dagaci, ƙarƙashin wata tsamiya. Ma'aikaci yana kiran suna, yana karanta abin da aka rubuta, mai shi yana amsawa. Da aka zo kan Baba aka ce ɗorawa goma sha takwas, sai ya ɗago kai.

"Ranka ya daɗe, a maimaita mini."

Aka maimaita.

"Ɗorawata bakwai ce," in ji shi. "Sha ɗayan da aka ƙara ba nawa ba ne. Daga gamba zuwa rafi amana ce, kuma mai ita tana da rai. A rubuta da sunanta."

Ma'aikacin ya duba takardar ya ce, "To, Malam, wa ya cike wannan?"

Baba bai amsa ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Babu wanda ya kalle ni, kuma rashin kallon nan ya fi mari ciwo, don kowa a wurin ya san rubutuna. Wani dattijo ya yi maza ya ce kuskuren alƙalami ne, yaran zamani da gaggawa. Aka soke, aka gyara, aka kira na gaba. Ni dai ban san yadda ƙafafuna suka kai ni gida ba.

Da a tatsuniya ne, da sai in ce Allah ya mayar masa da ninkin abin da ya bari kafin shekara ta zagayo. Ba haka aka yi ba. Abin da muka samu bai kai ya sayi rabin abin da muka rasa ba. Lefe bai haɗu ba, aka ba wani yarinyar. Matar Zarewa ta karɓi haƙƙinta, ta aiko da godiya da ƙwaryar goro, shi ke nan. Mutanen garinmu suka watse, wasu suka zauna a sababbin matsugunai, wasu suka bi dangi. Baba ya kwashi iyalinsa ya nufi ƙasar Rogo, wurin dangin mahaifiyarsa, ya sayi 'yar gona guda, ya karɓi wata aro. Mutumin da dagaci ke aikowa a kira ya koma baƙo yana dab da shekara hamsin, duk ilimin da ke kansa yana ƙarƙashin ruwa. Ƙasar Rogo ƙasar rake ce, kamar maƙwabciyarta Maƙarfi. Ya koyi aikin mazarƙwaila a hannun sa'annin 'ya'yansa: a matse rake a injin da doki ke zagayawa da shi, a dafa ruwan a manyan kasake har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Hayaƙin wannan aiki ne ya fara taɓa masa ido.

Ni kuwa na nemi canjin wurin aiki na koma Kano. Shekara bakwai ba na zuwa gida sai da salla. In durƙusa in gaishe shi, ya amsa, in tashi. Abin da ya sa fushin ya daɗe shi ne a zahiri babu abin da ya canza, da ma can ba ma hira. Al'adar da ta hana shi nuna mini ƙauna ita ce ta ba ni inuwar ɓoye gaba, har ba mai iya cewa ga abin da nake yi. A raina ina cewa ya zaɓi mutuncinsa ya zubar da nawa, kuma da ɗaya daga cikin waɗanda yake kira da suna ne, da ya ja shi gefe tun kafin a taru. Ban taɓa tsayawa na tuna cewa ni ne na hana shi wannan dama ba, tunda a bakin ma'aikaci ya fara jin abin da na rubuta.

Na yi aure a 1997, da shekara ta zagayo aka haifa mini 'ya mace. Ranar da muka kai ta gida bayan arba'in na ga abin da ban taɓa gani ba. Baba ya miƙa hannu biyu ya karɓe ta, ya ƙura mata ido, ya ce, "Af, wannan ce amaryar tawa? A mayar da ita, a dawo mini da sadakina." Ya yi dariya har ana ganin dasashinsa. Na tsaya a bakin zaure kamar baƙo. Ashe mutumin nan ya iya dariya haka? Na sha jin ana cewa abin cikin ƙwai ya fi ƙwai daɗi, amma ran nan na ga fassararsa, kuma ba zan ɓoye ba, har da ɗan kishi na ji.

Tun da ta yi wayo, hutu bai taɓa wucewa ba ta je Rogo ba. Tana ce masa tsoho mai ran ƙarfe, yana ce mata ba ta iya tuwo ba, zai yi mata kishiya. Ta taka masa gilashin ido ta fasa, ya ce amarya ba ta laifi. Mazarƙwailar farko ta kowace shekara ita ake ajiye wa. Saboda ita na fara kwana biyu, uku a gida, ni da a da nake juyawa a ranar.

Da ta shiga makaranta sai ya ƙirƙiro wani wasa. Duk zuwanta sai ya ce, "Zo nan, faɗa mini sunanki na boko." Ta miƙe tsaye ta harɗe hannu kamar a gaban malami, ta faɗi sunanta ta haɗa da nawa, yadda ake kiran rajista. Sai ya kama kunne ya ce, "Me? Ɗaga murya, kunnen ya tsufa." Ta sake faɗa da ƙarfi. Wani lokaci har sau uku. Na ɗauka tsokana ce irin ta kaka da jika, har ranar da na ce wa Gwaggo ya kamata a kai Baba asibiti a duba kunnensa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kunnen wa? Mutumin da ke jin motsin ɓera a rumbu yana turakarsa? Kai dai har yanzu yaro ne. Ba sunanta yake son ji ba."

Na tashi na nufi gona, na daɗe a can ban dawo ba.

Na biyu namiji ne, an haife shi a 2001, na sa masa sunan Baba, muna kiransa Abba. Da ya kai shekara bakwai Baba ya aiko Gwaggo ta ce yana son a ba shi abokin hira. Na ba shi. A hannunsa yaron ya yi firamare, shi ke riƙe masa buta, shi ke binsa gona. Zuwa lokacin mutanen wurin sun gane irin baƙon da Allah ya kawo musu. Shekara da shekaru yana zama da dattawansu yana sauraro, yana bin gonakinsu da ƙafa, har aka fara aikowa a kira shi idan gardama ta tashi.

A bazarar 2013 ya ce yana son ya ga garinsu. Na ɗauko mota muka tafi mu uku, muka bi ta Karaye, muka sauka bakin ruwa inda masunta ke ɗaure jiragensu. Wani saurayi, jikan mutumin garinmu da ya ajiye garma ya kama taru, ya ɗauke mu a kwalekwale. Ruwa ya ja baya a lokacin, ƙoƙuwar matattun itatuwa ta leƙo nan da can. Idon Baba ya riga ya yi rauni, amma sai ya riƙa auna wani tudu da wani dutse da ke tsallake, yana ce wa mai jirgi ya yi dama, ya yi hagu. Can ya ɗaga hannu aka tsaya. Babu komai a wurin sai ruwa.

"Nan masallaci ne," ya ce da Abba. "Can kuma maƙabarta, mahaifina yana nan."

Muka yi musu addu'a. Aka ƙara gaba kaɗan, ya nuna wani baƙin reshe da ya fito kamar kamu ɗaya. "Daga nan zuwa can namu ne. Daga can zuwa rafi ba namu ba ne."

Ya yi shiru har na ɗauka ya gama. Sannan ya ci gaba, idonsa a kan yaron.

"Abokina, akwai saƙon da za ka kai wa babanka. Ka ce masa na san abin da na jawo masa a kan gonar nan, na kuma san abin da ya rasa. Da hannuna ne a takardar, wataƙila da na jira taro ya watse, na bi su a hankali na gyara. Amma hannunsa ne. Na ji tsoron in bari a rufe littafin, in faɗi in mutu kafin in gyara, ya tashi da ƙasar mutane a wuyansa ranar da ba ni da ikon sauke masa. Shi ya sa na zaɓar masa kunyar yini ɗaya. Ka ce ya yafe mini."

Abba ya juyo yana kallona, bai san ko ya maimaita ba. Ni da ke zaune taku biyu daga inda yake, da shekara arba'in da huɗu a kaina, na kasa haɗa kalma. Da ƙyar na ce da yaron, "Ka ce masa ni ne mai neman gafara."

Baba ya ce, "Ka ce masa an yafe tun ranar."

Mai jirgi ya kawar da kai ya shiga gyaran tarun da ba abin da ya same shi. Wannan ita ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi da mahaifina, kuma ta bakin yaro ɗan shekara goma sha biyu muka yi ta.

Ba zan ce al'adar nan ba ta da aibi ba. Maganar da za a gama a dare ɗaya ta ɗauke mu shekara ashirin da uku. Ni ina kiran 'yar farina da sunanta a gaban kowa, kuma Baba bai taɓa hana ni ba, sau ɗaya dai na ga ya girgiza kai yana murmushi. Amma na daina yi wa shirunsa fassarar da na yi masa ina saurayi. Mutum ne da ya yarda cewa kowane abu yana da inda ya tsaya, har da abin da uba zai furta, kuma bai taɓa matsar da gamba don ta yi masa daɗi ba, a gona ko a gida. Abin da ya kasa miƙo mini kai tsaye ya zagayo da shi ta hannun Gwaggo da ta bakin jikokinsa. Duk ya iso. Ni ne na yi jinkirin gane hannun da ya aiko.

A shekarunsa na ƙarshe idon ya tafi gaba ɗaya. Da jikin ya yi tsanani aka kira ni, na yi kwana uku a gefensa. A daren ƙarshe ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce, "Wane ne?" Ya sani sarai, don ni na ba shi ruwa ɗazun nan. Na faɗi sunana. Ya ce, "Ɗaga murya." Na sake faɗa. Ya ce, "Madalla." Bai saki hannun ba har barci ya ɗauke shi. Da asuba ya cika.

Da aka ajiye makara liman ya tambayi ko akwai mai binsa bashi, ba wanda ya yi magana. Cikin waɗanda suka ɗauke shi zuwa maƙabarta akwai wasu magidanta uku da ban gane ba. Daga baya suka ce daga Zarewa suke, mahaifiyarsu ta rasu da daɗewa, amma ta bar musu wasiyya cewa duk ranar da suka ji mutuwar mai kawo kalwa, kada su bari a binne shi ba su nan. Abin da ya bari bai ɗauki masu rabon gado awa ɗaya ba: 'yar gonar nan, da keke, da buzu, da sanda.

Da ruwan shuka ya sauka a shekarar da ta biyo baya ina gida, sai ga wasu maƙwabta biyu sun yi sallama a zaure, fuska a murtuke. Sabo ne ya kawo su, sai da suka ga buzun a rataye suka tuna. Don kada su koma haka, suka ce ko ni zan je in duba. Na ji kunyar da ban ji irinta ba tun ranar tsamiya. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina koyar da 'ya'yan mutane taswirar Nijeriya, amma ban san inda gonar maƙwabcinmu ta tsaya ba. Ina cikin neman abin faɗa, Abba ya fito daga cikin gida ya ɗauki sandar kakansa ya shiga gaba. Na bi baya cikin dattawa. Bai ce uffan ba har ya isa gindin wani suri, ya kafa sandar ya ce, "Nan ne. Kaka ya ce ta wannan gefen gado ce, ta can jingina ce, kuma a gaban liman aka yi." Dattawan suka dubi juna suka ce haka ne.

A hanyar dawowa na so in kira shi da sunansa na yanka, sunan da ya dace da shi a ranar, sai harshena ya ƙi ɗauka. Na yi gyaran murya. Ya juyo ya ce, "Na'am, Baba."

Allah ya jiƙan mahaifina, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa mu cika da irin amanar da ya cika da ita.